Layi Mai Suna Biyu

A hawa na uku, ofishin ruwa na Valparaíso,
inda taga ke kallon jiragen dakon kaya,
shekara ashirin da biyu Eusebio Quilodrán
yana zaune da kofin shayinsa mai tsagaggen baki,
yana kula da manhajar da ke lissafa kuɗin famfo
kamar mai kiwon tsohuwar akuya:
ya san tarinta, ya san ƙafar da take ɗingisawa.

Ni ce a teburin kusa da shi, Ximena, mai buga rasit.
Ina nan ranar da suka zo daga Santiago,
su bakwai, kwat iri ɗaya, jaka iri ɗaya,
murmushin ma kamar tela ɗaya ya auna musu.
Suka haska bango da zane mai launi-launi,
kibiya na ta hawa sama, ba ta san gangara ba.
Manaja Bustamante ya gyaɗa kai har wuya ya gaji.
Wata goma sha huɗu, in ji su. Sabuwa fil.
Kuɗin kuwa, sai da na bi sifirin da yatsa ina ƙirgawa.

Ba zan yi wa Eusebio kara ba.
Bai taɓa ajiye komai a rubuce ba.
In ya yi mura, rasit ya yi mura.
In ya tafi hutu, mu kama addu'a.
Rumbu guda, mabuɗi guda, a aljihun mutum guda,
mutumin kuma furfura ta fara cin kansa.

Aka ba shi agogo, aka yanka kek, aka tafa.
Ya ɗauki kofinsa ya sauka, bai waiwayo ba.

Wata sha huɗu ya koma talatin.
Bakwai ɗin nan ba mu ƙara sa su a ido ba.
Yara aka turo, jiya-jiya suka bar jami'a,
duk wata uku sabuwar fuska,
kowace fuska ta faro tambaya daga tushe:
ina banɗaki, kuma mece ce mitar haɗaka?
Ba laifinsu ba ne. Wata Maite har kwana take a kujera,
takalmi a ƙarƙashin tebur, ido ya yi ja.
Amma baƙo raɓa ne. Hantsi na leƙowa, sai wani.

Ranar da aka kunna sabuwar,
Doña Herminia Tapia, mai suyar kifi a kan tudu,
ta hawo matakala tana haki, takarda a hannu:
kuɗin ruwan gida arba'in da ɗaya a kan sunanta,
ita da bokiti guda ke isar ta wanka.

Ruwa ba ya tsami banza.
Layinsu suna biyu gare shi,
ɗaya na taswira, ɗaya na bakin mutane
tun gobarar da ta lashe rabin unguwar.
Tsohuwar manhaja ta san da haka. Sheɗara uku ce kacal,
Eusebio ya cusa su wani dare, bai gaya wa kowa ba.
Kwangila mai shafi ɗari shida ba ta ji labari ba.

Muka kira Santiago.
Suka ce wannan ƙari ne, ba ya cikin yarjejeniya,
a cike fom, a jira farashi.

Jiya Talata ya dawo.
Kati na reto a wuyansa da tambarin kamfanin nan.
Su suka ɗauke shi, su ke ba mu hayarsa,
kuɗin awa guda ya kai na yininsa na da.
Ya zauna, ya motsa, ya sake motsawa.
Ya ce, Ximena, wa ya taɓa min tsayin kujera?

Na tura masa littafi mai baƙin bango da biro biyu.
Na ce, wannan karon ka rubuta.
Ya dube ni ta saman tabarau,
ya buɗe shafin farko,
ya rubuta sunan layin, duka biyun,
sannan ya tambaya ko da sauran shayi.